Darasi na 9: Mayar da Tsohon Injin Huda Ƙarfe Mazaunin Aikin Zane

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan maƙerin fari yana yi wa zobe ko munduwa zane ya san irin zaman: mutum a duƙe, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, hannun hagu na riƙe da aiki, na dama na tura kurfi. Haka ake zama a rumfunan Kasuwar Kurmi ta Kano, haka maƙeran azurfa ke zama a Agadas. Zane yakan fito da kyau, amma wuya da gadon baya ne ke shan wahalar, kuma sai shekaru sun ja mutum yake gane ɓarnar da aka yi masa.

A darasin da ya gabata mun koyi wasa kurfin zane. Yanzu za mu haɗa wurin da za a yi aiki da shi. Abin da muke nema guda ɗaya ne: mai zane ya zauna a miƙe, idonsa na wuri ɗaya, aikin ya taso ya same shi. Abin da zai yi mana wannan ɗagawa kuwa shi ne ƙafar tsohon injin huda ƙarfe, irin dogon nan mai tsayawa a ƙasa da ake gani a shagunan walda.

Aiki ke motsi, ido na nan

Mai koyo yakan ɗauka kurfi ne ke zagayawa idan ana yanka lauje ko da'ira. Ba haka ba ne. Hannun dama yana riƙe kurfi ta fuska kusan guda, hannun hagu shi ke juyo ƙarfen ya shigo bakinsa, yadda tela ke juya yadi a ƙarƙashin allurar keke, ita allurar tana nan inda take. Masu zanen farantan jan ƙarfe na Turai, sana'ar da ta yi ƙarfi a Jamus tun ƙarni na 15 a hannun irin su Martin Schongauer da Albrecht Dürer, da matashin fata cike da yashi suka saba yin wannan juyi. Yau dunƙulen mamatsi ya maye gurbin matashin. Ƙwallon ƙarfe ne da aka raba biyu: rabin ƙasa yana zaune a kan gammon roba ko na fata, yana karkata duk inda aka so; rabin sama yana juyawa a kan boris, a kansa kuma akwai baki biyu masu kama aiki. Ƙananan ba su wuce kilo 2 ba, manyan da kamfanin GRS na garin Emporia a Amurka ke yi suna kaiwa kilo 13 da ɗoriya. Da gangan aka yi nauyin, don kada aiki ya gudu idan kurfi ya tura shi.

Sai madubin ƙara girma mai ido biyu ya shigo sana'ar, ya zo da tasa matsalar. Madubin ba ya nuna abu garau sai a tazara guda tak daga gilashinsa na ƙasa. A samfurin Meiji EMZ-5 na ƙasar Japan tazarar milimita 93 ce. Idan aka ɗaura masa ƙarin gilashi mai rage girma da rabi, sai ta koma kusan santimita 15, wadda ta ba hannu da kurfi da ƙaramar guduma wurin shiga. A Leica A60 milimita 122 ce. Aiki ya hau ko ya sauka da 'yan milimitoci kaɗan, sai hoto ya dushe.

To, ga shi kayan da ake kawo wa mai zane tsayinsu ba ɗaya ba ne. Da safe siririn farantin suna ne na ƙofar ofis, da rana zobe a kan marikinsa, da yamma kofin gasa ko butar shayi. Idan madubin ake hawa da saukarwa don a bi kowane aiki, wurin sa ido ma yana hawa da sauka, wuya kuma dole ya bi shi: yanzu a miƙe kamar mai leƙen katanga, an jima a lanƙwashe. An sayi madubi mai tsada ke nan an koma gidan jiya. Hanyar da ta dace ita ce a kafa madubin sau ɗaya daidai da zaman mai shi, a bar shi, a riƙa hawa da saukar da mamatsin. Amma ɗaga ƙarfe mai kilo 15 milimita-milimita ba aikin hannu ba ne, ba kuma aikin tura katakai a ƙarƙashi ba.

Masu ƙera injin huda sun riga sun warware wannan, ko da yake ba don mu suka yi ba. A jikin ginshiƙin injin akwai doguwar sanda mai haƙora. A cikin damtsen da ke ɗauke da faifan aiki akwai giya biyu, ɗaya mai zare irin na noti, tana juya ɗayar, ita kuma tana tafiya a kan haƙoran. Irin wannan haɗi ba ya komawa da kansa: hannu yana iya juya shi, amma nauyin da ke bisa ba ya iyawa. Ana sayar da mazaunin da aka ƙera musamman don masu zane a ƙasashen waje, sai dai kuɗin dakonsa kaɗai, saboda nauyi, ya isa ya kashe wa mai koyo gwiwa. Injin da motarsa ta ƙone kuwa kusan kuɗin ƙarfensa ake saye.

Zaɓen inji

A Kano a leƙa Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, a Yamai kasuwar Katako, ko kuwa a tambayi masu walda na unguwa, don sau da yawa akwai mataccen inji a kusurwar shago yana tare musu wuri. Mota, bel, da bakin da ke riƙe allurar huda duk ba su dame mu ba. Abin da za a duba yana daga wuya zuwa ƙasa.

A nemi mai tsayawa a ƙasa, mai ginshiƙi kauri santimita 7 zuwa 8. Ƙananan na kan tebur ginshiƙinsu gajere ne, siriri, wasunsu ma ba su da sanda mai haƙora, da hannu ake jan faifansu sama. A bar su. A juya hannun injin daga ƙasa har sama, a saurara: inda ya yi tsalle ko ya cije, akwai haƙorin da ya karye. Idan karayar tana can sama ba komai, yanke wurin za a yi. Idan a ƙasa take, tsakanin santimita 30 zuwa 70 daga daɓe, a nan za a yi ta aiki kullum, sai an sami wata sandar.

Sai damtse. Zubabben ƙarfe ne, yana tsagewa idan inji ya taɓa faɗuwa ko an matse shi fiye da kima. A goge giris a duba da kyau wajen kunnuwan da maɗauri ke matsewa. Mai sayarwa zai ce walda za ta kama shi. Walda a kan zubabben ƙarfe ba ta da tabbas, kuma a ƙarƙashin wannan damtse ƙafafunku za su kasance. Tsatsa a jikin ginshiƙi ba aibi ba ce, kananzir da samfefa sun ishe ta. Ramukan da allura ta yi wa faifai su ma ba aibi ba ne, rufe su za a yi. Amma faifan da aka lanƙwasa daga falle maimakon a zuba shi, irin na sababbin injuna masu sauƙin kuɗi, yana rawa a ƙarƙashin nauyi. Araha ba ta ado. Idan da zaɓi, a ɗauki mai faifai zagayayye wanda faɗinsa bai wuce santimita 30 ba. Dalilin zai fito a lissafin da ke tafe.

Awo kafin yanka

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne aka fi yin asara, domin ginshiƙin da aka yanke ba ya komawa. Awon daga jikin mai aiki yake farawa, ba daga inji ba. Don haka awon abokinku ba zai yi muku ba, ko da tare kuka sayi kayan.

A fara da kujera. A zauna tafin ƙafa a daɓe, cinya a kwance, baya a miƙe, a sunkuyar da kai kaɗan kamar mai karatu. Wani ya auna daga daɓe zuwa ido. Wannan shi ne inda wurin sa ido na madubi zai tsaya. Daga nan sai ragi. Ga misali da mutum matsakaici a kan kujera mai tsayin santimita 45. Alƙaluman na koyo ne, kowa ya auna nasa kayan:

Daga daɓe zuwa wurin sa ido: 115
A cire tsayin jikin madubi, 20, saura 95
A cire tazarar da yake nuna abu garau, 15, saura 80
A cire abin da aiki ya ɗara bakin mamatsi, 1, saura 79
A cire tsayin mamatsi da gammonsa, 17, saura 62
A cire kaurin majuyi (farantin juyawa na ƙarƙashin mamatsi, bayaninsa na gaba), 3, saura 59

Lambobi biyu za a riƙe. 80 ita ce tsayin da bakin kurfi zai riƙa yanka a kai kullum, kowane irin aiki ne. 59 ita ce tsayin fuskar faifai ga aiki na yau da kullum.

Yanzu a auna daga daɓe zuwa saman cinya a zaune. Ga mutumin misalinmu zai kama 58 ko 60. Ke nan faifai ba zai wuce ta saman cinya ba, tsakanin gwiwoyi zai zauna. Shi ya sa muka ce a nemi ƙarami, zagayayye. Babba mai kusurwa huɗu zai sa mutum ya yini a wage, kusurwoyin na sukarsa. Wani zai ce a sauke kujera mana. Ba ta magani, domin ido da cinya tare suke sauka, sai a sauke madubi, faifai ma ya bi. Abin da ke ba da sarari shi ne siririn majuyi ko gajeren mamatsi.

Daga 59 ana son faifai ya iya hawa santimita 10 don sirantattun ayyuka a kan gajeren mamatsi, ya sauka 15 ko fiye don masu tsayi. Ƙarshen hawansa ke nan 69. A duba inda saman damtse yake idan an kwatanta da fuskar faifai. A yawancin injuna yana daidai da ita ko ƙasa kaɗan. A ƙara santimita 3 na ƙawanyar da ke riƙe kan sanda mai haƙora, da 2 na rara. An sami 74. A nan za a yanke. Akwai iyaka ta sama kuma: kan ginshiƙi kada ya kai 80, domin ranar da aka kawo doguwar wuƙa ko takobi, idan ana juya shi dole ya wuce ta saman ginshiƙin. Idan za a ɗora gindin injin a kan katako, a ɗora shi tukuna sannan a auna, don daga daɓe ake lissafi.

Wasu ba sa yankewa sam. Sukan bar ginshiƙin da tsawonsa su ɗaura madubin a samansa, komai ya zama jiki ɗaya. Ga wanda zobe da 'yan kunne kawai yake yi, dabara ce mai kyau. Amma kowane bugun guduma yana bin ginshiƙin ya hau ya girgiza hoto, dogon aiki kuma ba ya juyuwa. Ga mai karɓar duk abin da aka kawo, yankewa ta fi.

Kwance kai da yanka

A zare wayar wuta tukuna, ko da an ce inji ya mutu. Kan injin da motarsa sun fi sauran jikin haɗari, don nauyinsu na iya wuce kilo 30, kuma yana can sama da kafaɗa. Kada a yi ƙoƙarin ɗaga shi injin na tsaye. Mutum biyu su kwantar da injin gaba ɗaya a kan tsohuwar taya, a kwance ƙananan sukurori biyu da ke gefen kai da alanki, a zuba kananzir a mahaɗar, a riƙa murɗa kan hagu da dama ana ja har ya fita. Akwai wani murfi zagayayye a gefen kai, kishiyar hannayen da ake saukar da allura. Sifirin ne a naɗe a ciki, ba ruwanmu da shi, wanda ya buɗe shi yana iya yanke yatsa. Kan da motar a kai wa masu gyara, sau da yawa suna mayar da wani abu daga kuɗin da aka kashe.

Injin na kwance ɗin nan za a kwance ƙawanya, a sassauta maɗauri, a zare damtse da sanda mai haƙora tare ta sama. Wanda ya cire ƙawanya injin na tsaye, maɗauri a sake, ya bar faifai ba abin da ke riƙe shi. A lura da yadda sandar take kafin a zare: wane kai ne sama, wane ne ƙasa. A sa mata alama da alli.

Ginshiƙin bututu ne, cikinsa rami. Don yankan ya fita daidai, a naɗa masa takarda mai miƙaƙƙen gefe har gefen ya haɗu da kansa, a bi da alli. Zarton ƙarfe yana yanka shi, da haƙuri; injin yanka ya fi sauri, amma a sa gilashin kare ido. A bi bakin da magagari har ya daina yankan hannu. Sandar kuma daga sama ake rage ta. A dubi ƙarshenta na asali: an fere shi a karkace don ya shige ƙarƙashin ƙawanya. Haka za a fere sabon ƙarshen, in ba haka ba ƙawanya ba za ta kama shi ba.

Kafin a mayar da komai, a wanke tsohon giris na cikin damtse da kananzir, a sa sabo a giyar. Jikin ginshiƙi kuwa ɗan mai kaɗan, a goge. Giris mai yawa a waje ƙura yake tarawa. A toshe ƙasan bututun da katako, a cika shi da busasshen yashi, a toshe sama. Yashin yana ƙara nauyi, yana kuma kashe ƙarar da bututu ke yi idan ana bugu.

Akwai gyara ɗaya da injin huda bai zo da shi ba. An yi sandar ta riƙa zagaya ginshiƙi, don mai huda ya iya kautar da faifai gefe. Mu wannan cuta ce gare mu: duk sanda aka sassauta maɗauri aka juya hannu, faifai zai goce hagu ko dama. Bayan an tsayar da faifai inda ake so, a huda sandar can sama da can ƙasa, inda giya ba ta kaiwa, a kafe ta da ƙananan sukurori a jikin ginshiƙin. Sukurori sun fi ɗigon walda, don ana iya kwancewa.

Majuyi, da abubuwa uku a layi ɗaya

Ta cikin madubi, a girma sau 10, abin da ido ke gani bai wuce da'ira mai faɗin kusan santimita 2 ba. A ce furen da ake yankawa yana santimita 3 daga tsakiyar mamatsi. Da an juya mamatsin rabin zagaye, furen ya yi tafiyar santimita 6, ya fice daga gani tun kafin lauje ya kai rabi. Masu koyo sukan yi ta bin sa da madubi, ko su tsayar da yanka su turo mamatsi, layi ya fito da gaɓoɓi.

Maganin shi ne majuyi: faffaɗan faranti mai juyawa, a ƙarƙashin mamatsi. Ana kulle juyin mamatsin kansa, majuyi kaɗai ke juyawa. Sai a riƙa zame mamatsin a kan majuyi har wurin da za a yanka ya zo daidai saman tsakiyarsa. Abin da ke kan tsakiya ba ya tafiya ko'ina, a inda yake yake juyawa. An gama fure ɗaya, a zame mamatsi, na gaba ya hau tsakiya.

Hanya biyu ce ta samunsa. A yawancin injuna masu zagayayyen faifai, faifan yana da wuya a ƙasa da ke shiga rami a damtse, kuma yana juyawa idan an sassauta abin da ya matse shi. Wasu sukan goge wuyan da samfefa mai laushi, su sa boris mai ɗaukar nauyi daga sama tsakanin faifai da damtse, su rufe fuskar da farantin ƙarfe mai santsi. Faifan kansa ya zama majuyi, an kuma tsira da santimita 2 na tsayi. Idan wuyan yana da lako, wato yana girgiɗi a cikin ramin, a bar wannan hanya. A je wurin mai injin gurza ƙarfe ya fitar da faranti mai kaurin milimita 8 zuwa 10, da ƙusa a tsakiya mai shiga boris, a kafa mazaunin boris ɗin a ramin tsakiyar faifai. Kowace aka bi, a yi wa gefen farantin ɗan leɓe mai tsayin santimita 1, don mamatsi mai kilo 13 idan ya zame ya faɗo, a kan yatsun ƙafa zai sauka.

A kula da faɗi. Injin da aka rubuta masa inci 13, ma'anarsa daga tsakiyar faifai zuwa jikin ginshiƙi inci 6.5 ne, wato santimita 16.5. Majuyi mai faɗin 28 zai bar santimita 2.5 tsakaninsa da ginshiƙi. Ƙasa da haka, yatsa zai matse.

Saura haɗa abubuwa ukun: tsakiyar abin da madubi ke gani, tsakiyar majuyi, da wurin yanka. Da farko a tabbatar faifai a kwance yake sosai. A ƙarƙashinsa akwai babban noti da ke ba shi damar karkata zuwa digiri 45; a ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar iska, a daidaita, a ɗaure notin tamau, kada a sake taɓa shi. Idan faifai ya karkata ko da kaɗan, tsakiyar da aka samu a wani tsayi ba za ta zama ita ce a wani tsayin ba, mutum ya yi ta zargin madubi alhali noti ne. Sannan a kama ɗan farantin tagulla a mamatsi, a karce shi da samfefa, a ɗago faifai har ya fito garau a mafi ƙarancin girma. A juya majuyi a hankali ana kallo. Dukan karce-karcen za su riƙa zagaya wani ɗigo guda da ba ya motsi. Wannan ɗigon shi ne tsakiya. A matsar da madubi, ba majuyi ba, har ɗigon ya zo tsakiyar gani. A ƙara girma, a maimaita, sannan a ɗaure hannun madubin.

Wajen hawa da sauka, a saba da ƙarasawa ta sama: idan za a sauke faifai, a wuce wurin kaɗan, sannan a ɗago zuwa gare shi, don haƙoran giya su zauna a kan nauyi. Da an matse maɗauri faifai yakan ɗan ɗago gaba, hoto ya ɗan dushe. Wannan ɗan saura shi kaɗai ake gyarawa da maɓallin madubi.

Kafawa a shago

Madubi yana kan teburi, mamatsi yana kan ƙafar inji. Idan ɗaya ya gusa, duk saitin da aka yi ya tashi a banza. Inda shagon naku ne kuma daɓen siminti ne, a kafe gindin da noti a ƙasa. A shagon haya, a sami faffaɗan katako mai kaurin milimita 18, a ɗaure gindin injin da ƙafafun teburin duka a kansa, a shimfiɗa robar tsohon tif a ƙarƙashi. Ginshiƙi yana can gaba, faifai ya miƙo wajen mai zama, ƙafafu na hagu da dama na gindin. Teburin a yanke masa gaba kamar rabin wata don mamatsi ya sami wurin juyawa. Idan hannun ɗagawa yana bugun gwiwa ko teburi, a rage tsawonsa; zai ɗan ƙara nauyin juyi, ba wani abu ba.

Haske daga gefe ya fi na sama, domin gogaggen ƙarfe yana mayar da hasken sama cikin ido kai tsaye. Fitilar caji biyu, hagu da dama, da farar takarda a gabansu, sun isa, kuma ranar da aka ɗauke wuta aiki bai tsaya ba, tunda babu abin da ke cin lantarki a mazaunin nan. Lokacin hunturu a rufe madubi da leda ko jakar yadi duk sanda aka tashi. Ɓarɓashin da kurfi ke fitarwa kuwa ƙananan ƙugiyoyi ne masu kaifi. A share su kullum, musamman inda yara ke shigowa ba takalmi, na azurfa da zinariya kuma a tara su a gwangwani, kuɗi ne.

Wanda bai kai ga sayen madubi mai ido biyu ba kada ya ga kamar darasin ba nasa ba ne. Gilashin goshi irin OptiVisor shi ma tazararsa guda ce: mai girma sau 2.5 yana nuna abu garau a santimita 20, mai sau 3.5 a santimita 10. Da shi ba a buƙatar majuyi, tunda kai na iya bin aiki, lissafin kuma ya fi sauƙi: tsayin ido, a cire tazarar, a cire mamatsi. Sai dai faifai zai zauna sama da na misalinmu, don haka a yanke ginshiƙin da tsawo. Ranar da madubi ya samu ana iya ragewa.

Aikin gida

Kowa ya zauna a kan kujerar da yake aiki da ita a shago, ba ta aji ba, a auna masa tsayin ido da na saman cinya. Ya auna mamatsinsa, ko abin da yake kama aiki da shi, da mafi tsayi da mafi siranta a cikin kayan da aka saba kawo masa. Da waɗannan ya fitar da tsayin wurin yanka, tsayin faifai, da inda zai yanke ginshiƙi, ya rubuta ragin layi-layi kamar na misali. Ya kuma amsa wannan a rubuce: majuyi yana juyawa lafiya, tsakiya ta zauna a kan zobe, amma da aka sauke faifai don kofi sai ta goce, waɗanne wurare biyu zai fara dubawa?

Ku zo da takardar a zama na gaba. Wanda ya riga ya sayi inji ya wanke shi, ya cire kan idan ya sami mai taya shi, amma kada kowa ya sa zarto a ginshiƙi sai malami ya duba lissafinsa.